Yatsan da Na'ura Ta Gane

Litinin, 28 ga Fabrairu

Sun kafa na'ura a ƙofar kamfani. Sai ka ɗora babban yatsa ta gane ka, sannan a ce ka zo aiki. Ni ina ɗorawa ta yi ƙara, na wuce. Matan ɗakin fasa yazawa kuwa, su arba'in, ta ƙi su kakaf. Ina za ta gane su? Man ɓawon yazawa ya cinye zanen yatsunsu, sun yi sumul kamar bayan cokali. Mushe Woru (Mushe, wato Malam da Faransanci), shugaban ma'aikata, ya ce wadda na'ura ba ta gani ba, ba ta zo ba, babu ladan yini.

Mazan da ke kan inji suna da safar hannu da albashin wata. Mata kuwa toka da man kaɗanya suke shafawa a hannu.

Shekara sha ɗaya na yi a ɗakin nan kafin a maido ni teburin tacewa, ƙarƙashin fanka. Hannuna ya warke. Ba ruwana.

Laraba, 2 ga Maris

Bake ta tare ni da takardar koke da tawada, wai in dangwala. Yarinyar da ni na koya mata riƙon wuƙa, yau ita ce mai tara mata. Suna neman safar hannu, da a koma kiran suna da safe. Na ce mata 'ya'yana uku, babur ɗin mijina yana wurin gyara tun bara. Wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada, ni ban sani ba.

"Yaya Bona, ashe hannu idan ya warke mantuwa yake yi?"

Mara kunya. Na kasa cin sakwarata.

Juma'a, 4 ga Maris

Woru ya yi wa takardar dariya har da riƙe ciki. Dangwale arba'in, babu ɗaya mai zane, duk dunƙulen tawada. Wai mutum ɗaya ce ta zauna ta ɗiɗɗiga.

Talata, 8 ga Maris

Ranar mata. An raba mana anko, an ba mu lemo mai ɗumi, matar mai kamfani ta yi jawabi a kan darajar mace. Kuɗin atamfar nan da ya sayi safar hannu ta shekara guda, amma safa ba ta kyau a hoto.

Mai hoto ya ce matan ɗakin fasa su mayar da hannuwa baya. Ni aka jawo gaba, aka ɗora mini tire na farar yazawa, wai hannuna ya fi fasali. Na yi murmushi kamar yadda aka ce. Ina jin idon Bake a ƙeyata. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma haushinta nake ji, ba na Woru ba. Ban san dalili ba.

Juma'a, 11 ga Maris

An sallami Bake. Na'ura ta ce kwana tara ba ta zo ba. Ni kuwa kullum a gabana take wucewa da kwanonta.

Asabar, 12 ga Maris

Tsohuwa Dado ta ɗakin fasa ce ta ba ni labari a bakin famfo. Sun kai takardar ofishin ƙwadago, jami'in bai kore su ba. Ya ce su kawo shaida ɗaya daga cikin kamfani, wadda yatsanta ke fita, ta ce ta gan su a bakin aiki, shi kuma zai zo da kansa. Matan ofis sun ƙi. Dado ba ta roƙe ni ba, ta dai tsaya tana kallon hannuna ina wanke kofi.

Kowa ya sani, wadda ta ba da shaidar aka gane yatsanta, ɗakin fasa za ta koma. In an yi mata adalci ke nan.

Lahadi, 13 ga Maris

Duk garin Parakou a rasa mai yatsa sai ni?

Talata, 15 ga Maris

Jiya da yamma na biya gidan su Bake, don kawai a kan hanyata yake. Na same ta tana jiƙa hannu a ruwan gishiri. Ban zauna ba. Na ce ta miƙo tawadar kafin in canza shawara, kuma kada ta kuskura ta yi mini godiya. Na dangwala, zanen ya fita raɗau, layi-layi, shi kaɗai a tsakiyar dunƙulayen nan arba'in. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, haka nawa yake a da?"

Na ce ban sani ba, ina sauri.

Yau Woru ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, ya ce teburin tacewa ya yi wa mai shekaruna sanyi, gobe in koma ɗakin fasa. Jami'in ƙwadago zai zo ranar Alhamis, in ya zo.

Ba don Bake na yi ba. Hoton nan ne ya tsaya mini a wuya.

Na sayi man kaɗanya a hanya, babban gwangwani, tun da ba ni kaɗai zan shafa ba. Nan da wata guda na'ura za ta manta da ni. Takardar dai ta riga ta gan ni.