An Ba Mai Gwangwan Kayan Barewa

Unguwar Dosa, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Harira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Umaima, ta fara takawa? Malam Sadiq mai kemis ke rubuta min, zai ɗauki hoton takardar ya tura miki ta waya. Sai cewa yake in taƙaita. Na ce masa biro ne nasa, magana tawa ce.

Shekarar da aka juya motoci suka koma bin hannun dama, a ita na shiga kamfanin Barewa, ɓangaren wasa wuƙa. Ba a haife ki ba. Kwano, langa, faranti, wuƙa, babu amaryar da za a yi wa jere ba da kayanmu ba. Da aka rufe kamfanin kowa ya watse, ni kuwa na shiga bin 'yan gwangwan da gidajen da ake rabon gado, duk abin da na ga tambarin barewa a jikinsa sai na ɗauko. Kin san ɗakin da nake tara su. Ke ce mai cewa Baba ya auri tsatsa.

To Harira, ɗakin nan yau fayau yake.

Ina asibiti ana cire min yanar ido, sai Aziza matar yayanki ta ce za ta gyara min ɗaki kafin in dawo. Ta ga kwanoni sun ɓantare, wuƙaƙe sun yi baƙi, ga yara na shige da fice. Mai gwangwan ya zo wucewa yana kiran a kawo tsoho a karɓi sabo. Ta kwashe masa duka, ya ba ta robobi da bokitai da kula. Da na dawo har ƙofa ta tare ni da murna, wai Baba zo ka ga ka zama ango. Me zan ce mata? Na sa mata albarka, na shiga na zauna, hawaye na bin ƙarƙashin bandeji.

Baƙin nan ba datti ba ne, mai nake shafa musu. A ciki akwai wuƙar fawa mai ƙotar ƙaho, zubin farko, wadda ta ci yatsan abokin aikina marigayi Ja'afaru. Akwai langar mahaifiyarki mai jan fure. Kowanne na san hannun da ya yi shi. In aka narka su, wa zai yarda mun taɓa ƙera abin kirki a garin nan?

Malam Sadiq ya bi min sawun kayan har Rafin Guza, matattarar 'yan gwangwan. An riga an auna su a sikeli, an zuba a buhu cikin ƙarafan mota. Gobe babbar mota za ta kwashe zuwa inda ake narkawa, ko da safe ko da yamma, babu wanda ya tsayar masa.

Likita ya hana ni shiga rana da ƙura, ya hana ni sunkuyawa. Yayanki Abdulmalik ya ɓoye takalmana, wai ido ya fi buhun ƙarfe. Wataƙila gaskiyarsa. Ina jin tsoron idon nan, ba zan ɓoye miki ba.

Kada ki kira yayanki. Aziza kuma kada ki faɗa mata mara daɗi, da zuciya ɗaya ta yi.

Gobe in Allah ya kai mu, daga sallar asuba ba zan dawo gida ba. Da silifas ɗin alwala zan hau Keke Napep zuwa Rafin Guza. Ba sai na gani ba, hannuna zai gane buhuna. Zan hau kansa in zauna. In za su loda, sai su loda da ni.

Ki gaida mutanen gidan, ki sa ni a addu'a.

Naki mahaifi,
Iliya Mai Wasa Wuƙa