Ƙafar Tsoho da Hannun Inna

Alhamis, 3 ga Yuli, 2025

An dawo da kakana Tsoho daga asibiti a Masar. Mutanen garinmu Dayi su ce Malam Rabe, ni in ce Tsoho, shi kuma ya ce mini ɓarawo, don tun ina yawo ba wando nake rantsuwa sai na ƙwace masa kakata Inna. Da sandarsa na je Funtua tarbarsa, in ba shi haushi. Sai ga mutum ya sauko daga mota da ƙafarsa. Mutumin da in ya zo bakin zaure ƙafafunsa ke mannewa a ƙasa kamar an dasa shi, hannu na karkarwa, ni kuma in cire masa hula in ajiye nesa kaɗan in ce zo ka ɗauka.

Baffa Murtala, wanda ya kai shi, ya ce huda kan aka yi, aka zura siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa, aka binne batir ƙarƙashin fatar ƙirji, yana ba ta wuta a hankali. Akwai 'yar na'ura kamar waya da ake ƙara ƙarfin ko a rage. Tunda ni ke da rumfar cajin waya a bakin titi, ni aka ɗora wa cajinsa. Na ce, “Tsoho, ashe ka zama tocila.” Ya kai mini duka. Ya same ni kuwa. Rabon da ya same ni har na manta.

Lahadi, 6 ga Yuli

Gida ya cika da 'yan kallo. Toma maƙwabcinmu daga coci ya zarce nan da iyalinsa, ya ce Malam taka mu gani. Ya taka har bakin rijiya ya dawo. Inna na ta share hawaye da gefen zane. Na ce mata daina kuka amaryata, batir ƙarewa yake yi, ni ba na ƙarewa. Kowa ya yi dariya ban da shi.

Juma'a, 11 ga Yuli

Da ƙafa ya je masallaci. A hanyar dawowa akuyar Toma ta gitta masa, ya bi ta da dutse har ya karya mata ƙafa, yana zaginta kamar mutum. Tsohon da ko kaza ba ya iya yankawa, ni yake kira in yanka.

Talata, 22 ga Yuli

Kaina a ɗinke yake.

Muna huɗar masara, shi ma ya ce sai ya riƙe galma. Inna ta aiko da fura. Na riga shi ɗaukar ƙwaryar na ce ai ta maigida ce, kai jira saura. Kullum haka nake yi, shi kuma ya ce Allah ya shaƙe ɓarawo, mu sha tare. Yau ban ga tasowarsa ba. Ƙotar galma ya sauke mini a ka, na faɗi cikin kunyar masara, ya ƙara mini a baya. Jini ya rufe mini ido ɗaya. Ina jin Toma daga gonarsa yana gudu yana cewa Malam jikanka ne, jikanka ne. Da ƙyar ya riƙe shi. Wai ƙarfin kamar na ɗan dambe.

A Malumfashi na ce wa mai ɗinkin daga babur na faɗo.

Alhamis, 24 ga Yuli

Baffa ya zo ya duba kan, ya ce maganina ke nan, bakina ne ya ja mini. Na ce Baffa tun ina yaro nake wannan wasan, bai taɓa fasa mini kai ba, abin nan ne na ƙirjinsa. Ya ce in sake faɗin haka sai ya fasa ɗaya gefen. Wai likita ya ce kada kowa ya taɓa na'urar, kuma ranar komawa wajen likitan Kano mai duba shi ba ta yi ba.

Tsoho ya leƙo ɗakina ya tsaya yana kallon bandejin. Na ce ango ya sa rawani. Da na sani da na yi shiru.

Asabar, 2 ga Agusta



Bayan la'asar Inna na daka a tsakar gida. Na shigo da balangu a takarda na miƙa mata, na ɗaga murya yadda zai ji na ce ga toshi, gobe zan turo magabatana. Ta ce kai dai Awaisu ba ka daddara, tana dariya. Dariyar ce ta tunzura shi. Ya fito daga ɗaki da sauri, ban taɓa ganin ya haye dokin ƙofa haka ba. Ya ce, “Ashe da gaske ne. Ashe cin amanata kuke yi.” Ya fizge taɓarya. Na zaci ni zai yi wa, har na kare kai. Ita ya yi wa. Ta tare da hannu, na ji ƙarar ƙashin. Ta zube kan turmi, ya sake ɗagawa.

Na rungume shi ta baya muka faɗi tare. Ya cije ni a kafaɗa har haƙori ya shiga. Na danne kakana a ƙasa da gwiwa, na murɗe masa hannu, yana kirana kwarto, yana kiranta abin da ba zan rubuta ba. Matar da suka haifi babana tare. Sai da Toma ya haura katanga muka ɗaure shi da rawaninsa.

Lahadi, 3 ga Agusta

Hannun ya karye. An sa mata filasta a Malumfashi. Ta ce wa kowa santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya.

Laraba, 6 ga Agusta

Baffa ya kira likitan Kano ya sa a lasifika. Likita ya ce yakan faru, wani in wutar ta yi masa yawa sai halinsa ya canja, fushi da zargi. Ya yi faɗa da ba a gaya masa tun ranar gona ba. Ya ce kada a kashe gaba ɗaya, a mai da shi kan ƙaramin ƙarfi har a kawo shi, amma mu sani ƙafar za ta iya komawa yadda take a da, kuma bai yi alkawarin za a sami daidai ɗin da zai ba da ƙafa ba tare da fushin ba. Za dai a gwada.

Baffa ya ce a'a, a raba musu ɗaki kawai, bayan duk wahalar nan ba za a mai da mahaifinsa gurgu ba. Tsoho na zaune kan buzu. Inna ta wuce da buta a hannun hagu, ruwan na zuba. Ya bi ta da ido har ta shige.

Ya ce, “Murtala, ƙafarka ce?” Sannan ya buɗe riga ya juyo wajena. “Kai ɓarawo. Rage.”

Likita na faɗa ina dannawa.

Litinin, 11 ga Agusta

Ƙafar ta koma. Da safe ya maƙale a ƙofar bayi har rana ta ɗaga. Na goya shi.

Juma'a, 22 ga Agusta

Jibi za mu Kano. Inna ta ce ita ma za ta, da filastarta.

Yau na same shi tsaye a bakin zaure, ƙafa ta ƙi, masallata na wucewa. Inna na bayansa riƙe da gefen rigarsa da hannun mai lafiya. Ya gan ni ya ce, “Ɓarawo, ga ta nan, ga ni a tsaye ba na iya bin ka. Yau ba ka so?” Yana murmushi, yana jira. Ita ma tana jira.

Na ce, “Sannu Malam. Kawo hannun.”

Ya daɗe yana kallona kafin ya bayar. Ba wani abu ba ne, kaina ne ke ɗan sarawa tun ɗinkin, magana ba ta zuwa da wuri. Mun sami raka'a ta biyu.