Robar Shaf ɗin Motar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Motar Baba, surukina, ta mutu a tsakiyar shataletale, da Mama, matarsa, a ciki, suna hanyar asibiti. Kan shaf na dama, ƙarfen da ke juya taya, shi ne ya watse. Da igiya aka jawo ta gareji, Mama kuwa a tasi ta ƙarasa.

Robar da ke rufe kan shaf ɗin ce ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya cinye ƙarfen. Baba kunnensa ya yi nauyi, bai ji ƙas-ƙas ɗin da take yi in ya murɗa sitiyari ba. Abin da ya tsaya mini a rai, ni na sa robar nan da hannuna, ko damina ɗaya ba ta gani ba.

Wan matata ya zo ya tsaya a kaina, hannu a aljihu. Wai, "A ina kuke samo robobin nan naku?" Yana murmushi ya faɗa. Da ma zagina ya yi.

Talata, 4 ga Maris

Uwar yara ta ji abin da ya faru. Ta dai ajiye mini abinci ta koma ɗaki.

Laraba, 5 ga Maris

Na ɗaga motar a jak, na cire taya, na kwance babban noti, na zaro shaf. Na wanke tsohuwar robar da fetur, don na yi niyyar kai wa mai sayar da kayan gyara ita in jefa masa a fuska. Har na shirya maganganun da zan gaya masa, masu daɗi.

Sai na dube ta a haske. Robar da ta tsufa tsattsagewa take yi, bakinta kaca-kaca kamar faso a diddige. Wannan lafiyarta ƙalau, tana danƙo. Tsaga ɗaya ce tak, miƙaƙƙiya, a cikin ninki na biyu, ta gefen da ido ba ya kaiwa sai an shiga ƙarƙashin mota. Dutse ba ya yin yanka haka.

Wa zai yanki robar tsoho?

Alhamis, 6 ga Maris

Na zazzage garwar da nake tara tsofaffin robobi a bayan gareji. Uwar yara kullum tsiya take mini, wai ba na iya jefar da komai. To ga amfaninsa, in amfani ne.

Wasu tsufa ya kashe su. Amma da yawa, da yawa ƙwarai, tsagar nan ce. Ninki na biyu, ta ciki. Hannu ɗaya.

Mu biyu ne a garejin nan tun rasuwar mahaifinmu. Yaya ke juyen mai, shi ke shiga ramin da ke ƙarƙashin mota. Ni ke aikin ƙafar mota da shaf. Kuma Baba ya kawo motarsa juyen mai watan jiya. A'a. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ya fere lemo da 'yar wuƙar da ke jikin makullansa, ya miƙo mini rabi kamar yadda ya saba tun ina yaro. Na ce ya ara mini wuƙar in gyara farce. A maɗaurinta akwai baƙin giris, irin na shaf. Shi da yake cewa aikin shaf ƙazanta ne, shekara da shekaru bai taɓa shi ba.

Na shanye lemon. Ban san me ya sa na shanye ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ne fa mutumin da ya koya mini riƙe sifana. Shi ya taɓa kwaɗa mini mari don na mayar da tsohon kilif ɗin ɗaure roba a motar wani, ya ce amanar mai mota ta fi ƙarfin wasa. Marin nan har yau ina alfahari da shi, ina ba abokaina labari.

Kuma duk shekarun nan ni ake yabo. Wai ƙaramin nan yana da ido, da ya leƙa zai gano roba ta yage. Ina ta washe baki. Ashe shi ke yankawa a rami, ni ina ɗinkewa a sama, ana sa mini albarka. Kunya ta fi haushin yawa.

Talata, 11 ga Maris

Na jira masu motoci suka watse, na ajiye robar Baba a kan benci gabansa. Ya ɗauka, ya juya ta, ya ajiye. Na zaci zai rantse, na ma so ya rantse.

"Auta, kai har yanzu yaro ne. Da me kake zaton ake riƙe gareji?"

Na ce, Yaya, mutane ne a cikin motocin nan.

"Robar nan dama mutuwa za ta yi. Na rage mata wahala ne. Kuma ai suna jin ƙara su dawo, wa ya taɓa mutuwa?"

Na ce, har motar Baba? Surukina?

Nan ne kaɗai ya kau da kai. Ya ce daga ƙasa duk motoci kamarsu ɗaya. Ya ce, "Hannu ne ya saba."

Hannu ne ya saba. Tun ɗazu nake maimaita ta, ta ƙi wucewa.

Laraba, 12 ga Maris

Bai ba ni haƙuri ba. Ya dai sayo sabon kan shaf mai kyau, ya ajiye a kan akwatin kayana.

Alhamis, 13 ga Maris

Na haɗa motar Baba. Na zura sabuwar roba, na cika kan da giris har yana tumbatsa, na doka shi ya zauna, na matse kilif babba da ƙarami. Na juya taya da hannu ina saurare, shiru. Ban taɓa yin aiki mai kyau da baƙin rai irin na yau ba.

Na kai masa har gida. Wan matata yana zaune a tabarma, kamar jirana yake. Robar tana aljihuna cikin leda. Fito da ita kawai zan yi, in nuna musu tsagar, sunana ya wanku. Na sa hannu na taɓa ta.

Baba ya ce, "Me ya same ta ne, ɗana?"

Na tuna 'ya'yan Yaya, da yadda maganar za ta zaga unguwa kafin magariba, da allon garejinmu da sunan mahaifinmu ke jiki. Na ce, Baba, a gafarce ni, robar da na sa ce ba ta da kyau.

Ya dafa kaina ya ce ba komai, kowa yana kuskure. Wan matata ya ce, "Ai na faɗa." Na haɗiye.

Litinin, 17 ga Maris

Uwar yara ta ga ledar a aljihuna za ta yi wanki. Ta juya robar ta daɗe tana kallo, zama da bakanike ya koya mata wani abu. Ta ce, "Wannan ba tsufa ba ne." Na ce ki mayar inda kika gani. Ta mayar. Da dare ta ƙara mini nama.

Laraba, 19 ga Maris

Yanzu duk motar da ta fito daga rami sai na bi ta da tocila, wai ina duba birki. Yana ganina. Muna gaisawa da safe lafiya lau.

Asabar, 22 ga Maris

Ba wani labari. An yi zafi. Mai faci ya ce akwai rumfar haya da mai ita ya tashi a layinsu, na je na gani ne kawai, don ya matsa.

Yaya ya leƙa motar uwar yara da na shigo da ita, ya ce, "Auta, kawo ta rami in juye mata mai, lokacinta ya yi." Na ce bar shi, Yaya, na riga na juye. Ban juye ba. Ya dube ni, na dube shi, ya ce to madalla.

Ya fere lemo ya miƙo rabi. Na ce haƙorina ke ciwo.