Farin Garin da ke Gindin Kofi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Mama. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, wani abu ya hana ni sukuni tun ranar Talata. A ɗakin gwaje-gwaje malamar kimiyya ta zuba wani farin gari a ruwa, ta ce mu juya. Muka juya har hannu ya gaji, garin ya koma ƙasa ya kwanta. Sai ta ƙara wani irin sukari da ta ce kowace ƙwayarsa kamar zobe take: bayanta na son ruwa, cikinta kuwa na karɓar abin da ruwa ya ƙi. Garin ya shige zoben, zoben ya bi ruwa da shi, ruwan ya yi garau. Ta ce magunguna da yawa haka suke, ba sa narkewa su kaɗai.

'Yan aji suka yi ta dariya, wai sukari ya goyi magani. Ni kuwa Baba na tuna. Kin san tun da haɗiya ta gagari Baba nake murƙushe masa ƙwayar maganinsa da bayan cokali, in jiƙa a kofinsa. Kullum sai fari-fari ya rage a gindi. Na ɗauka ba komai ba ne, sai in ɗauraye in zubar. Haka na yi duk hutun nan, kuma haka na koya miki.

Don Allah ki tambayi likita. Kada ki ce daga ni ne.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama, ina yi wa Baba sannu. Wasiƙarki ta iso jiya. Na gode Allah da aka sauya masa maganin zuwa na ruwa, har zazzaɓin ya fara sauka.

Amma kin ce likita ya yi faɗa, wai an ɓata makonni, ke kuma kika ɗauki laifin. Yanzu Mama ba ta barin ki ko taɓa kwalbar, alhali ke kike ɗaga Baba, ke kike masa wanki. Ni na jawo miki.

Sau uku na fara rubuta wa Mama ina yagawa. Don haka ki zaunar da ita a bakin gadon Baba, ki karanta musu wasiƙata ta farko, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Sannan ki rubuto mini abin da suka ce, ko da ba daɗi.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta