Ni Na Saki Keken Yayana

Assalamu alaikum mai kula da filin shawara, da dukkan masu karatu. Ina gaisuwa. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku tsine mini kafin ku ji ƙarshen maganata.

Ni maɗinki ne a Karaye. Yayana ya tafi yaƙin duniya a ƙasar Bama da ƙafafunsa, ya dawo ba ya iya taka su. Turawan soja suka ba shi kujera mai ƙafafun keke, ni nake tura shi kasuwa da masallaci. Da kowa raha yake yi, amma ni harshensa ya yi mini kaifi. Wata ranar kasuwa muna gangarowa wajen mahauta, ya daka mini tsawa gaban abokaina: "Kai raggo, ko jaki ya fi ka hankali!" Suka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni, na cire hannuwana daga keken. Wallahi tsorata shi kawai na yi nufi. Keken ya gangara, ya yi karo da dutse, Yaya ya kife cikin kwatamin jini da ruwan wankin hanji. Rigarsa ta yaye, kowa ya ga ƙafafun da yake ɓoyewa, sun tsotse kamar kara. Wasu suka yi salati, wasu suka kau da kai. Wa ya fara ɗaga shi? Ni, har ana sa mini albarka.

Goshinsa da ya fashe ya warke, amma tun ranar bai sake leƙa ƙofar gida ba. Ya daina zuwa Juma'a, ya daina karɓar baƙi, in aka matso da keken sai ya ce a kau da shi. Matarsa ta gaji da shirunsa, ta tafi ganin gida Rogo, har yau ba ta dawo ba. Jiya ina yi masa wanka ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, ka yafe mini. Ni na yi ta mutsu-mutsu har keken ya suɓuce maka. Ba ni da kowa sai kai."

Na ci gaba da yi masa wankan. In na faɗa masa gaskiya, zai yarda hannayen nan su sake taɓa shi? Wa zai ɗauke shi zuwa bayan gida? In kuma na yi shiru, haka zai mutu a ɗaki yana zargin kansa. Jama'a, me zan yi?