Muryar Ladan

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Sakamakon gwaji ya fito daga Kano. Ƙullutun nan na wuyana ba maƙoƙo ba ne kawai, ciwon daji ne. Shekara biyu ina rufe shi da rawani, sau uku wanzami yana yi masa tsaga. Likitar ta ga tabon, kai kawai ta girgiza. Ta ce tiyata za a yi a cire, kuma irin wannan ana warkewa. Ni abu ɗaya na tambaya: muryata fa? Ta ce jijiyar murya a jikin wurin take, za su kiyaye, amma ba ta yi min alkawari ba.

Shekara ashirin da shida ina ladanci a garin nan.

Talata, 9 ga Yuli

Barira ta gaji da zancen. “Malam, ni kai na aura, ba lasifika ba.” Na yi dariya, amma wallahi tsoro nake ji.

Liman ya ce Zubair tela zai riƙe min masallaci. Zubair! Mutumin da yake jan kiran salla kamar mai tallan manja a kasuwar Ɗambatta.

Juma'a, 26 ga Yuli

An yi tiyatar ranar Talata. Alhamdulillahi. Wuya a naɗe, ko ruwa da ƙyar yake wucewa.

Juma'a, 9 ga Agusta

Gida. Sun ce sun kwashe shi duka. Ƙwaya ɗaya kullum da safe, iya rayuwa. Murya kuwa kamar ta mai mura. Na shiga ɗaki na turo ƙofa na gwada kabbara ɗaya, ta tsinke a tsakiya. Barira na tsakar gida tana tankaɗe, ta yi kamar ba ta ji ba. Haushin kowa nake ji yau.

Likita ta ce ko muryar ta dawo cikin wata shida, ko ta tsaya haka.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na leƙa gona, gero ya fid da kai. Ina tsaye sai ga kiran la'asar daga gari. Ashe har nan yake kawowa, ban taɓa sani ba, kullum ni ne a can. Har yanzu Zubair ja yake da yawa. Sai da ya kusa gamawa na lura bakina yana amsa masa, a hankali, kamar na kowa. Wannan kam muryar ta iya.

Na manta rabona da amsa kiran salla a garinmu. Na yi addu'ar bayan kira, na sa Zubair a ciki. Ba zan faɗa masa ba.