Tammar da Ta Ci Ka, Baba

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Inna tana nan, sai dai ta daina fita ko rijiya. Maƙerarka ta Birni tana hannuna. Aikin azurfa ya ragu, mata sun fi son sarƙar kanti.

Ka tuna tammar nan, kuɗin azurfar Faransa? Shekarar da Nasara suka ce a bar kuɗin wuri a karɓi nasu, ka sayi gawayi a Zango aka ba ka ita cikin canji. Ka juya ta a tafin hannu, ka yi dariya har da hawaye. Matar da ke jikinta, mai watsa iri, hannu biyu gare ta a gefe guda, rubutun bakin tammar kuma ya hau kan juna. Ka nuna mini yadda ƙarfen ya goce aka sake bugunsa. Ka jefa ta kan maƙera ta yi ƙara tsaf, azurfa ce ta gaske. Abin da ya faranta maka rai shi ne maƙeran Faransa ma hannunsu yana kuskure. Ka ɓoye ta cikin batta.

Ni na ɗauke ta, Baba. Ka sani, ni ma na san ka sani, amma ban taɓa buɗe baki na faɗa ba. Ina da shekara ashirin, ina son turare saboda Hajara, wadda yanzu ita ce uwar jikokinka. Na kai ta kantin Nasara. Mai jiran kanti ya duba ta ya ce jabu ce, ya kira gardi, ɗan sandan Nasara, ni kuwa tsoro ya sa na ce daga maƙerarmu ta fito.

A gaban kumandan bariki ka ce kai ka aike ni. Sannan ka tsaya kana koya musu aikinsu: kuɗin jabu da aka narka aka zuba a gurbin ƙasa yana da ƙuraje, ƙararsa a dushe take, wannan kuwa bugu ne, kuma babu maƙerin Damagaram mai abin buga shi. Tafinta ya juya maganar yadda ya ga dama. Suka ce wanda ya san wannan duka, shi ya ƙera. Me ya sa ba ka yi shiru ba? Me ya sa ni na yi shiru?

Wata bakwai kana kaso, kurkukunsu, kana fasa musu dutse, da yatsun da ke zare azurfa kamar gashi. Tari ya kama ka. Gawarka aka ba mu a tabarma.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. An kawo sabon Bature a bariki, yaro ne, ko gemu bai yi ba. Yana tara kuɗi masu aibi don sha'awa. Jiya tafintan nan, shi ɗin dai, ya zo har maƙera da murmushi, wai an ce gidanmu akwai ido, in je in tace musu buhun tamma in fitar da masu kuskure, za a biya ni. Na je, Baba. Ba a ce wa bariki a'a. Baturen ya buɗe akwati mai shimfiɗar ƙyalle, ga tammarka a tsakiya. Ya samo ta cikin kayan shari'arka. Ya ce babu kamarta, kuskuren gidan bugu ne na can ƙasarsu, kowa ya kalla ya sani.

Kowa ya kalla ya sani! To shekara shida da suka wuce wa ya kalla?

Na tace buhun har la'asar. Na ga guda uku: ɗaya bugun ya karkace, ɗaya bakinta a gutsure, ɗaya bayanta a juye. Na mayar da su cikin 'yan'uwansu, na ce ban ga komai ba. Ban sani ba ko yanzu suna hannun ɗan wani.

Ka yafe mini. Ni ban yafe musu ba, ban kuma yafe wa kaina ba. Allah Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka da ya bar ka ka amsa laifinsa,
Mamman